Akwatin wufar mota: kurakuran da ke mai da kiɗa ƙugi

Ka tsaya da la'asar a bakin Kasuwar Dole ta Damagaram, ba za ka daɗe ba wata mota za ta wuce tana ƙugi, lambar baya na karkarwa, amma ko za a yanka ka ba za ka iya faɗin wace waƙa ce ba. Mai motar zai ce wufar (lasifikar da ke fitar da kaurin sauti) ce jabu, ko ampili (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi) ne ya yi ƙarami. Sau da yawa babu ruwansu, laifin na akwati ne.

Akwati iri biyu aka fi sani. Akwai rufaffe, wanda iska ba ta shiga ba ta fita. Iskar da ke kulle ciki ita ke riƙe fatar wufa, tana mai da ita mazauninta bayan kowane bugu. Akwai kuma mai bututu, wanda iskar cikin bututunsa ke rawa tare da wufar a kan wata murya guda da aka auna. Kwatancinsa busa bakin kwalba: girman cikinta da tsawon wuyanta su ke yanke muryar da za ta fito.

Kuskuren da na fi gani a Damagaram shi ne a ɗauki rufaffen akwati a kai wa kafinta, a ce ya huda rami "don sauti ya samu hanya", ko wai don wufa ta sha iska saboda zafin watan Afrilu. Bututu ba taga ba ne. Ɗauki akwati mai lita 35, ka huda rami mai faɗin santimita 10 a katakon kawai: zai yi amo wajen 80 Hz (ma'aunin murya ne: ƙaramar lamba, murya mai kauri), inda kiɗa ke kumbura ya toshe kunne, alhali kaurin gaske yana ƙasa. Kana son 33 Hz, wanda ya dace da saurare na yau da kullum? Da wannan faɗin, sai akwatin ya kai lita 55, bututun kuma ya yi tsawon kusan santimita 32. Ƙa'idar ba wuya: ƙarin tsawo yana saukar da murya, ƙarin faɗi yana ɗaga ta. In an riga an huda, a toshe da katako da gam daga ciki, ko a ƙera sabo da lissafi. Manhajar WinISD kyauta ce, ita za ta yi maka lissafin.

Haɗarin bai tsaya ga kunne ba. A ƙasa da muryar bututu, iskar akwatin ba ta ƙara riƙe fatar. Wufa takan yi ta fifita kamar ba ta cikin komai, har ta buga gindi ta yage. Maganinsa wani maɓalli ne a jikin ampili da aka rubuta wa subsonic, mai yanke muryoyin da suka yi ƙasa ainun. A tsai da shi kaɗan ƙasa da muryar bututun, misali 28 ga akwatin 33. Ampilinka ba shi da shi? To rufaffe ya fi maka kwanciyar rai.

Sai awo. Wufa mai inci 12 galibi tana son lita 28 zuwa 35 a rufe, ko 50 zuwa 60 da bututu, amma takardar da ta zo cikin kwalinta ita ce alƙali. Abin da ake mantawa shi ne cikin akwati ake nufi, ba bayansa ba. Santimita 40 sau 35 sau 25, a raba da 1000, lita 35 ke nan. In kafinta ya ɗauki wannan awo daga waje da katako mai kaurin milimita 18, abin da ya rage ciki bai kai lita 25 ba. Lita 10 sun salwanta tun ba a cire wurin da maganaɗisun wufa da bututu za su ci ba. Ka rubuta masa "awon ciki" a takarda, ka ce: Malam, don Allah kada a rage ko yatsa ɗaya.

Kuma ba kowace wufa ke yarda da kowane akwati ba. A takardar akwai lamba mai suna Qts, cikin ma'aunan da Neville Thiele da Richard Small suka kafa a Ostareliya. In ta gaza 0.4, wufar ta fi karkata ga bututu, daga 0.4 zuwa 0.7, rufaffe. Ta gwanjo wadda ba takarda, a nemi lambar jikinta a intanet kafin a yanka ko falanki guda.

Katako mara kauri shi ma kiɗan kansa yake yi. A sa MDF (falankin da ake matsewa daga garin katako) na milimita 18 ko filawud mai kyau, gam da kusoshin murɗi, a bi kowace kusurwa da silikon, har da ramin da waya ta bi. Gwaji: danna fatar a hankali da yatsu ka saki. Ta dawo a sanyaye, akwatin ya rufu. Ta dawo fit ɗaya, akwai inda yake yoyo. Hanyar Tanut ko ta Magarya takan sassauta kusoshi, don haka a riƙa dubawa.

Mai bututu yana da nasa ƙananan fitinu. Siririn bututu huci yake kamar zugazugin maƙeri. Ga wufa mai inci 12 kada faɗinsa ya gaza santimita 10. Kada a manna bakinsa da bangon but, a bar tazara ko da daidai faɗinsa ce. Kuma a riƙa leƙa ciki, don ƙurar hunturu da ledar ruwa ba sa neman izini.

To wanne za a zaɓa? Mai bututu yana ba da ƙarin ƙarfi wajen desibel 3 a kusa da muryarsa, kwatankwacin ninka wutar ampili sau biyu, shi ya sa samari ke sonsa. Amma cikin mota ɗaki ne ƙarami, da kansa yake ƙara wa muryoyin ƙasa ƙarfi, daidai inda rufaffe ke fara raguwa a hankali, sai su cike wa juna. Ni dai, ga mai son jin bugun kalangu ɗaya bayan ɗaya, kuma yana son but ya ɗauki buhun gero, rufaffe nake ba shi shawara: kuskuren lita biyu ko uku ba ya ɓata shi. Kowanne ka ɗauka, ka tsai da maɓallin LPF na jikin ampili, mai yanke muryoyin sama, wajen 80 Hz don kada muryar mawaƙi ta koma but, ka kuma daina murɗa gain, maɓallin daidaita ampili da rediyon mota, har ƙarshe, ba maɓallin ƙara murya ba ne.