An ba ka shugabancin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na firamaren unguwarku, to daga ina za ka fara?

Da farko dai a rarrabe, SBMC ba PTA ba ce. PTA ta iyaye da malamai ce, shi kuwa SBMC na al'umma ne gaba ɗaya, akwai wakilin mai unguwa ko dagaci, akwai malamin addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a irinsu kafinta da magini, har da yara biyu mace da namiji daga ɗaliban makarantar. Hedimasta yawanci shi ne sakatare, kujerar shugaba ta mutumin gari ce. In ka tarar hedimasta shi ne shugaba shi ne sakatare shi ne ma'aji, to wallahi babu kwamiti a wurin, suna ne kawai a takarda.

Kafin ka kira mitin ko ɗaya, je makarantar da safe ba tare da ka sanar ba, wajen ƙarfe takwas. Ka gaisa da hedimasta cikin mutunci, ka nemi littafin da malamai ke sa hannu, sai ka zaga aji aji ka ga waɗanda suka sa hannun suna ciki kuwa ko an sa musu ne. Ka ƙirga yaran da ke zaune, ka gwada da rajista. Nan za ka ga abin mamaki, rajista ta ce 120 amma 70 ne a ƙasa kan buhu, allo ya koɗe har alli ba ya kamawa, kwano ya yaye ta kusurwa ana hango sama. Duk ka rubuta da kwanan wata, ka ɗau hoto a waya. Ka sake komawa ranar kasuwa, don ranar ce ake gane gaskiyar zuwan yara da malaman ma.

Amma fa ka san iyakarka. Ba ka da ikon korar malami ko canza masa wurin aiki, wannan na sakataren ilimi ne a ƙaramar hukuma da kuma SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Kada ka tsaya kana yi wa malami faɗa gaban yara, ka ɓata komai. Ƙarfinka takarda ce. Ku rubuta wasiƙa da sunan kwamiti, kai da sakatare ku sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi in zai yiwu, ku kai ofishin LGEA, wato hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a buga muku shaidar an karɓa a kan kwafinku ku adana a fayil. Maganar baka ko ta waya iska ce ke kwashe ta, amma wasiƙa uku masu kwanan wata kan ajin da ya rushe, ko wa ya gani sai jikinsa ya yi sanyi.

Kuma ka fahimci inda kuɗin yake. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, sai dai jiha ba ta samun kason gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi, shi ya sa wani lokaci za ka ji kuɗi na kwance a Abuja ku kuwa yara na karatu a gindin darbejiya. Don haka tsarin raya makarantar da za ku rubuta, wato takardar ayyukan da kwamiti zai sa gaba, kada ya zama jerin buri, ku zaɓi abu biyu ko uku. Wanda za ku iya da aikin gayya, gyaran benci, toshe katanga, ku yi da kanku, ginin aji da bohol ku tura sama.

In wani tallafi ya shigo, asusun banki da sunan kwamiti, sa hannun mutum biyu aƙalla, rasit na kowane buhun siminti, a liƙa lissafin a bangon ofis kowa ya karanta. Kuma kada ku fake da kwamiti ku ɗora wa iyaye kuɗin dole har a koro yaro gida, doka ta ce karatun kyauta ne.

Sai batun mata, wanda nan ne yawancin kwamitoci ke faɗuwa. A saka mace biyu cikin dattawa goma sha, ba za su ce uffan ba, ba don ba su da magana ba. Lokacin ESSPIN, wani shirin inganta ilimi, a Kano, Jigawa da Kaduna an riƙa yi wa mata zamansu daban, kuma dabara ce mai kyau. Su ne suka san yarinyar da aka cire aka ɗora wa talla, su ne za su gaya maka 'yan aji shida sun daina zuwa saboda banɗaki ba ƙofa, abin da namiji zai shekara bai lura ba.

Mitin ku sa shi bayan la'asar, aƙalla sau ɗaya kowane zango, a karanta abin da aka yanke a zaman baya da sunan wanda aka ɗora wa. Kansila ko ɗan majalisa in ya kawo kujeru ku karɓa ku gode, amma kada a mai da zaman na jam'iyya. Wasiƙar gyaran rufi kuwa ku kai ta tun cikin sanyi, Janairu ko Fabrairu, in kuka bari sai hadari ya fara haɗuwa to kun makara sai baɗi.