Yadda nake rage hayaƙi da shara a sitona

Sitona yana Ngaundere, inda jirgin ƙasa ke sauke kayan Duwala, tireloli su kwasa zuwa Kusseri da Njamaina. Dokar farko da na kafa wa direbobi: mota ta shiga layin lodi, a kashe inji. Dizal ne ke ƙonewa a banza, 'yan dako kuma su ke shaƙar hayaƙin har idanunsu su yi jawur. Wannan yana damuna ƙwarai.

In ka ga baƙin hayaƙi daga salansa, duba matatar iska tukuna, don ƙurar hunturu kan toshe ta da wuri. A auna iskar tayoyi kafin a kama hanya. Kada mota ta dawo wayam. Nemo mata lodi tun kafin ta tashi.

Baƙin mai a tara shi a durum mai murfi, kada ya ga kwata. Kwali da buhuna a ware, akwai masu saye. Leda kam kada a ƙona ta a bayan sito. Tun 2014 Kamaru ta hana mai shara-shara, don haka na daina karɓarta daga dillalai.