Kurakuran da Aka Fi Yi da Sinadarai a Masana'antar Soso da Yadda Ake Gyara Su

Soson da ake yin katifa da kujera da shi ana samunsa ne ta hanyar haɗa ruwa iri biyu, wato poliyol da wani sinadari mai suna aisosayanet, wanda nau'insa da aka fi amfani da shi wajen soso mai laushi shi ne TDI. Da zarar sun haɗu, sai cakuɗin ya fara kumbura yana ɗaukar zafi, cikin 'yan mintuna ya cika akwatin da aka zuba shi. Soson da ya gama nuna ba shi ne abin tsoro ba. Haɗarin yana tsakanin lokacin da aka buɗe duro da lokacin da soson ya huce, kuma yawancin kurakuran da ke kwantar da ma'aikata a wannan tsakanin ake yin su.

Kuskure mafi girma shi ne dogaro da hanci. Ma'aikaci yakan ce tunda bai ji wari ba, iskar wurin lafiya lau take, alhali kuwa hancin ɗan Adam ba ya jin warin TDI sai tururinsa ya wuce adadin da ke cutarwa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa kada yawansa a iska ya haura kashi 0.02 cikin miliyan ko da na ɗan lokaci ne, wanda ke nufin duk wanda ya ji warin ya riga ya shaƙi abin da ya fi ƙarfin ƙa'ida. Gyaran shi ne a riƙa auna iska da na'ura a bakin injin zuba da wurin ajiye sabon soso, a kuma girka bututun da ke zuƙe tururi daga inda yake tashi ya fitar da shi waje. Fankar da ke kaɗa iska kawai ba ta cire komai, raba tururin take yi ga kowa da ke ɗakin, har da masu ɗinki da ba su taɓa duro ba.

Wannan ya kai mu ga kuskuren da ya fi ɓata rayuwa, wato ɗaukar asmar wurin aiki a matsayin mura. TDI na cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta dalilin aiki a duniya, kuma yadda take shigowa da yaudara ne. Mutum yakan yi watanni ko shekaru yana aiki ba ya jin komai, sannan wata rana jikinsa ya fara ƙin sinadarin. Sau da yawa ba a cikin masana'anta alamun ke bayyana ba: ya tashi aiki garau, ya koma gida ya kwanta, sai tsakar dare ya farka da tari, ƙirji ya ɗaure, numfashi na fita da ƙara kamar usur. Da yake abin a kan gadonsa ya same shi, ba ya kawo aikin a ransa, sai ya sha maganin tari ya koma bakin inji da safe. Tambayar da ke warware lamarin guda ɗaya ce: shin yakan ji sauƙi a ranakun hutu, ciwon kuma ya dawo idan ya koma aiki? Idan amsar eh ce, to ya je wurin likita ya faɗi sunan sinadarin da yake aiki da shi. Likita na iya ba shi ƙaramar na'urar hurawa ya riƙa auna ƙarfin numfashinsa sau da dama a rana har tsawon makonni, a ranakun aiki da na hutu. Idan aka tabbatar, babu wani takunkumi da zai wadatar, domin jikin da ya riga ya tsani sinadarin ɗan ƙanƙanin tururi ya isa ya tayar masa da ciwo. Dole ne a mayar da shi sashen da babu sinadarin kwata-kwata, kuma gwargwadon saurin yin hakan, gwargwadon damar da huhunsa ke da ita ta farfaɗowa. A ganina, shugaban da ya bar irin wannan ma'aikaci a bakin inji don gudun sauya jadawali ya fi ma'aikacin da ya ɓoye tarinsa laifi.

Shi kansa takunkumin ana yawan kuskure a kansa. Na takarda ko na ƙyalle ƙura yake tarewa, tururi kuwa ratsa shi yake yi kamar babu. Ana buƙatar mai matatar tururin sinadarai da ake sauyawa a kan jadawali, wanda kuma ya zauna daram a fuska, domin ko gemu na iya buɗe kafar da iska za ta bi. Wajen kwashe malala mai yawa ko shiga tanki, sai wanda ake turo masa tsabtatacciyar iska ta tiyo.

Wasu kuma suna kare hanci su manta da fata. Ɗigon TDI a bayan hannu ba ƙaiƙayi kaɗai yake kawowa ba, yana iya taimakawa wajen sa jiki ya tsani sinadarin har abin ya kai ga huhu. Siririyar safar lateks ba ta tare shi yadda ya kamata, ta naitiril mai kauri ko ta butil ce ta dace. Mafi muni shi ne wanke hannu da metilin kulorayid, sinadarin da wasu masana'antu ke sawa don soso ya ƙara laushi, suke kuma wanke bakin inji da shi. Yana ratsa fata da yawancin safofi, yana sa jiri da ciwon kai, hanta kuma tana mayar da wani ɓangarensa iskar kabon monoksaid mai hana jini ɗaukar iskar oksijin. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar kansa, a 2024 kuma Amurka ta haramta yawancin amfaninsa. Ruwa da sabulu su ne abin wanke hannu, kayan aiki kuma a cire su a bar su a masana'anta.

Akwai wata alama da ma'aikata kan mayar abin dariya. Bayan an tashi aiki, mutum ya dubi fitilar titi ya ga shuɗin zobe ya kewaye ta, komai ya yi dishi-dishi kamar ana hazo. Tururin sinadarin amin ne, wanda ake sawa don cakuɗin ya yi saurin kumbura, yake sa fatar ƙwayar ido ta ɗan kumbura. Yakan washe cikin sa'o'i, amma shaida ce cewa bututun zuƙe iska ba ya aikinsa, kuma mai irin wannan gani bai kamata ya yi tuƙi ba.

Malala ma tana da nata tarkon. TDI idan ya haɗu da ruwa yana fitar da iskar kabon dayoksaid, saboda haka wanda ya kwashe abin da ya zube ya zuba a duro mai laima ya toshe murfin, ya haɗa abin da zai kumbura ya fashe. A rufe malalar da yashi ko wani abu mai tsotsewa, a kwashe a mazubi, a zuba ruwan kashe ƙarfinta, sannan a bar mazubin a buɗe a wuri mai iska na kwana biyu kafin a rufe.

Sabon soso yana ci gaba da ɗaukar zafi a cikinsa sa'o'i bayan an zuba shi, yana kuma fitar da ragowar tururi. Jibge shi kusa da juna na iya kai wa ga ya kama da wuta da kansa, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da kabon monoksaid da gubar sayanaid. A jera shi da tazara a rumfa ta daban mai iska, a soka ma'aunin zafi a tsakiyar manyan guntaye, kada a kai shi wurin yanka sai ya yi aƙalla kwana guda.