Darasi na 7: Renon Iri a Gida Kafin Damina

A ƙasashen Katsina, Daura, Maraɗi da Damagaram damina ba ta daɗewa. Ruwa kan kankama a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ya ɗauke a Satumba. Kankana kuwa tana son kwana 80 zuwa 90 kafin ta nuna, attarugu ya fi haka. Wanda ya jira sai ruwa ya sauka sannan ya shuka, sau da yawa ruwa kan ɗauke masa 'ya'ya ba su ƙosa ba. Dabara ita ce a reni irin a gida tun da bazara, ruwa na zama a kai shi gona.

Fara da lissafi. Attarugu da tattasai suna yin mako 6 zuwa 8 a wurin reno. Tumatir mako 4 ya ishe shi. Kankana mako 2 zuwa 3 kawai. Ka tsayar da ranar da kake sa ran yin dashe, ka ƙirgo baya.

Haɗa ƙasar gona kashi 2, taki kashi 1, yashi kashi 1, ka tankaɗe. Takin ya zama wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi. Zuba a ledar ruwan sha da aka yanke wa baki, ko a gwangwanin madara. Huda gindin kowanne don ruwa ya riƙa fita.

Irin tumatir da na attarugu ƙanana ne, kada ramin ya wuce santimita 1. Na kankana ya kai santimita 2.

Ita kankana sai an bi ta a hankali. Saiwarta ba ta son taɓi ko kaɗan. Tumatir kana iya cire shi ka sake dasawa ya kama, ita kuwa in saiwa ta tsinke sai ta tsaya cak, wani lokaci ma ta mutu. Saboda haka kowace leda ƙwaya 2, in sun fito ka bar mai ƙarfin. Ɗayan kada ka tumɓuke shi, ka tsinke shi da farce daga sama.

Da zarar tsiro ya leƙo, fitar da shi daga cikin ɗaki ko zaure. A duhu yakan yi tsawo, ya yi siriri, ya ɗashe, ya kwanta. Ƙarƙashin rumfa ya fi, inda zai sami ranar safe, ya tsira daga ta azahar. Lulluɓe shi da tsohon gidan sauro, don kaji da ƙadangaru ba sa barin sabon tsiro.

Ban ruwa da safe, yayyafi-yayyafi. Taɓa ƙasar da yatsa tukuna, in da danshi ka bari. Yawan ruwa ke sa tsiro ya ruɓe a gindi ya faɗi, kuma wanda ya faɗi ba ya tashi.

Saura mako guda a yi dashe, ka rage ruwa, kullum ka ƙara masa zama a rana har ya saba. Yi dashe da la'asar, bayan an yi ruwa mai kyau. Tsaga ledar da reza, sa tsiron a rami tare da ƙasarsa, danna gefe-gefe, ka ba shi ruwa nan take.