Kurakuran Masu Fara Kallon Tsuntsayen Ƙaura a Ƙarshen Damina

Duk shekara da Agusta ta kama sai ka ji sababbin shiga suna haramar tafiya dausayin Haɗeja da Nguru, wai za su ga agwagin Turai. Asarar kuɗin mota ce kawai. Agwagin da ke tsallako Sahara ba sa cika sassan dausayin irin su Dagona da Baturiya sai daga Oktoba zuwa gaba, kuma sun fi yawa cikin hunturu, shi ya sa ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a Janairu. A Agusta da Satumba kogin Haɗeja a cike yake, ruwa ya malale ko'ina, wasu hanyoyin sun yanke, ga kacala ta tsaya ta tare ido. Tsuntsun da ya samu wurin kiwo ko ta ina ba zai taru maka wuri guda ba.

Waɗanda ke fara isowa yanzu ƙananan masu dogayen ƙafafu ne da ke kiwo a bakin taɓo, kuma kududdufin bayan gari ko gefen gonar shinkafa ya ishe ka ka gan su. Nemi wani ɗan tsuntsu mai bayan ƙasa-ƙasa da farin ciki, farin ya ɗan haura gaban fiffikensa, ba ya daina kaɗa bindi sama da ƙasa. In ya tashi, dab da ruwa yake bi, fiffike a sandare.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne laƙaba wa tsuntsu suna kafin a dube shi. Mutum ya hango tsattsewa a kan wayar lantarki, nan take ya rubuta ta Turai ce. Haba! Muna da tamu da ke sheƙa a gidaje da ƙarƙashin gadoji. Dubi ƙirji: baƙuwar tana da maƙogwaro ja mai duhu da baƙin ɗauri da ya ratsa ƙirjin daga gefe zuwa gefe, ta gida kuwa maƙogwaronta da haske, ɗaurin ya tsinke a tsakiya. Haka shirwa. Babbar shirwarmu bakinta ruwan ɗorawa ne har ƙarshe, ta Turai bakinta baƙi ne in ban da tushensa. Sai dai 'ya'yan tamu ma bakinsu da duhu, kuma ƙarshen damina lokacinsu ne, don haka baƙin baki kaɗai bai isa shaida ba. Ni ba na buɗe littafi ko Merlin, manhajar waya ta gane tsuntsaye, sai na gama rubuta abu 5: girma, siffar baki, launin ƙafa, zanen fiffike, da abin da tsuntsun yake yi. Wanda ya fara da hoto, idonsa abin da ke cikin hoton zai gano masa, ko babu shi. Daga nan a ɗora ƙarya a eBird, shafin intanet da masu kallo ke zuba bayanan tsuntsayen da suka gani, wani kuma ya zo ya gina bincike a kanta.

Shamuwa ma a daina cewa daga Turai take. 'Yar Afirka ce, ta zo da ruwan farko ta yi sheƙa a bishiyoyin gari, yanzu tafiya take shirin yi kudu. Ɗan ja da baƙin nan da ke kan gero kuwa, in kun daina ganinsa da kaka ba ƙetare ya tafi ba, gashi ya sake ya koma ƙasa-ƙasa kamar macensa.

Sai madubin hangen nesa. Kada lambobi masu girma su ruɗe ka a kasuwa. Sayi mai 8x42, wato mai ƙara girman abu sau 8, faɗin gilashin gabansa milimita 42. Abin da ya wuce sau 10 yana ƙara rawar hannu, ya kuma ƙuntata filin gani, tsuntsu ya tashi kana lalube. Da yawa ba su san zoben da ke idon dama ba: rufe gilashin dama, saita na hagu da ƙarfen juyawa na tsakiya, sannan ka rufe na hagu ka saita na dama da zoben, kada ka sake taɓa shi. In ka hango tsuntsu, kafa masa ido ka ɗago madubin zuwa fuskarka, ba ka sunkuya neman madubi ba. Bayan ka dawo, kada ka kulle shi a jaka da danshi, fumfuna za ta ci gilashin daga ciki.

Farar riga mai ɗaukar ido, bar ta sai Juma'a. Fita bayan asuba, ka dawo kafin hantsi ya yi zafi, rana kuma ta kasance a bayanka. Kada ka ratsa gonar mutane ko wurin masunta ba tare da ka gaisa da mai unguwa ba, kuma kada ka shiga ruwan kwance ba takalmin roba, saboda tsargiya.

In ka tarar da mataccen tsuntsu ko wanda yara suka kama da zoben ƙarfe a ƙafa, kwafe duk abin da ke jikin zoben harafi da lamba, ka haɗa da kwanan wata da sunan wurin, ka aika wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos.