Yadda Za Ka Gyara Furucinka na Turanci

Fara da kunne, domin sautin da ba ka jin bambancinsa ba zai fito daidai a bakinka ba. Ɗauki "pan" da "fan". Wajen "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa, iska ta fito da ƙarfi. Riƙe takarda gaban baki, za ka ga ta motsa. Wajen "f" kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Bahaushe yakan gauraya su ne saboda da leɓɓa muke yin tamu "f" ɗin.

A "think", sa kan harshe tsakanin haƙora ka hura. In ka ɓoye shi, "sink" za a ji. Kada kuma ka cusa wasali a "school" ta koma "sukul".

Kullum naɗi muryarka na minti 10, ka kwatanta da ƙamus mai sauti.