In za ka nuna wa mutanen gida fim ɗin baƙin sama

Daren da aka fara nuna sabon fim ɗin nan mai dogon zango, na halittun da suka sauko daga sama suka mamaye duniya, mu shida ne kacal a tsakar gidanmu a nan Tawa. Kafin a kai kashi na huɗu sai da muka aro tabarmi biyu a maƙwabta, yara kuma suka hau katanga. Da Faransanci fim ɗin yake zuwa mana, kuma cikin masu zama waɗanda suka yi lakwal ba su kai rabi ba. Tunda ni ne mushen gidan, wato malamin lakwal, fassara ta faɗo kaina. Na yi kuskure a wurare, na gyara wasu, shi ya sa nake rubuta wannan saboda wanda zai ɗauki irin aikin a gidansu ko a fadarsu.

Kafin ka tara mutane, kalli kashin kai kaɗai, ko da a salula ne. Riƙe takarda da biro, ka rubuta mintin da jini ya yi yawa da mintin da abin kunya ya shigo, domin fim ɗin Turawa ba ya sallama kafin ya kawo irin wannan. A tabarma guda akwai Inna, akwai matar yayana, akwai surukin maƙwabcinmu. In ka san wurin tun da wuri, sai ka tsallake shi da telekomand ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Ka tabbata batir ya cika tun da rana, ko da akwai kuran, don in wuta ta ɗauke a tsakiyar labari yara da tsoro za su kwanta, ba su ga yadda abin ya ƙare ba.

Sai sunan da za ka kira halittun da shi. A nan na fi jin jiki, kuma a nan nake so ka fi natsuwa.

Daren farko, da halittun suka fito daga cikin jirginsu, kalmar da ta zo bakina ita ce aljanu. Na faɗe ta, aka ci gaba da kallo. Ɗiyar yayana mai shekara bakwai ta yi kwana uku ba ta yarda ta zaga bayan gida da dare sai an raka ta da fitila. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, malamin unguwarmu ya ja ni gefe ya ce: "Mushe, aljanu gaskiya ne, sura guda a Alƙur'ani da sunansu take. In ka ɗauki sunan ka ɗora wa abin da Bature ya zana da kwamfuta, ka cuɗa wa yara gaskiya da ƙirƙira, kuma ba kai za ka iya raba musu ba." Na ce, "Allah gafarta malam, kun yi gaskiya." Ban sake ba.

Na gwada dodanni. Ita kuma sai ta mayar da fim ɗin tatsuniya, manya suka fara hira a tsakaninsu kamar abin na yara ne. Kalmar da Faransawa ke kiransu da ita ma'anarta "na wajen ƙasa", wadda a kunnen Ba'adare sai ya ɗauka ƴan cirani ake nufi. Daga ƙarshe na tsaya a kan "baƙin sama", kuma kafin mako biyu kowa ya gajarta ta zuwa "baƙin". Kalmar ta zauna don tana barin tambaya a buɗe: baƙo yana iya zuwa da alheri, yana iya zuwa da sharri, kuma sai an zauna da shi ake sani. Inna ma da ta ji, cewa ta yi, "To ai baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, bari mu ga ko waɗannan za su tafi da hantsi."

Wajen fassarar kanta, zauna a gefen tele, fuskarka rabi ga allo rabi ga mutane. Rage muryar tele amma kada ka kashe ta, domin kuka da ihu da kiɗan da ke tashi kafin wani abu ya faru ba su bukatar tafinta. Bari mai magana ya dire, sannan ka ba da ma'anar a jimla guda ko biyu. Abin da ido ya gani kada ka maimaita shi. In gini ya rushe kowa ya ga ya rushe. In masana suka shiga dogon turancinsu na na'urori, ce kawai "suna neman hanyar da za su ji maganar baƙin, har yanzu ba su samu ba", ka wuce. Awo kuma ka maido shi gida: da aka nuna jirgin ya rufe sararin birni, na ce musu in bisa Tawa ya tsaya, daga Bilbis har bakin gari ba mai ganin rana. Nan take tsakar gida ta yi tsit. Tsayar da fim sau biyu ya isa a kashi guda, in ka wuce haka ka kashe masa daɗi.

Tambayar da ba makawa sai an yi maka ita ce: "Wai wannan gaskiya ne?" Yaro zai yi ta da ƙarfi, babba zai yi ta a hankali bayan an watse. Kada ka yi dariya. Ko a Amurka, ranar 30 ga Oktoba 1938, wani gidan rediyo ya watsa wasan kwaikwayo da sigar labarai cewa halittu daga duniyar Mars sun sauka, kuma an samu masu saurare da suka ɗauka da gaske ne. Amsa kai tsaye: a'a, ƙirƙira ce, mutane ne suka sa kaya, sauran kuma aikin kwamfuta ne. Har yau masana ba su tabbatar da samun wani abu mai rai a wajen duniyarmu ba, ko da ƙwayar cuta ce.

Amma in ka tsaya a "a'a" ka yi asarar dama, don a daidai lokacin nan kunnuwan yara a buɗe suke fiye da yadda nake samunsu a aji. Ga abin da nake ba su, kaɗan-kaɗan, ba duka a dare ɗaya ba. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga rana zuwa nan minti 8 yake yi da ɗan kai. Daga tauraron da ya fi kusa da ranarmu kuwa, sai ya yi shekara 4 da ƴan watanni a hanya. Akwai wani kumbo mai suna Voyager 1 da Amurkawa suka harba a 1977, yana cin kusan kilomita 17 a daƙiƙa. Tafiyar Tawa zuwa Yamai, wadda ke cinye mana yini a mota ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, shi rabin minti da ɗan kai ne a wurinsa. Duk da wannan gudu, kafin ya ci nisan tauraron nan mafi kusa sai ya haura shekara 70,000. Da na faɗi haka, wani ƙanena mai kabu-kabu ya ce, "Ashe baƙin nan in ma suna nan, hanya ce ta raba mu." Ya fahimta fiye da yadda na shirya bayyanawa.

Su kuma duniyoyin akwai su. A 1995 wasu masana biyu na Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano duniya ta farko da ke kewaya wani tauraro irin ranarmu, kuma zuwa 2022 waɗanda aka ƙirga sun haura 5,000. Abin da ya fi kama mutanenmu dai shi ne na gida: dutsen nan da aka tsinta a jihar Agadas a watan Nuwamba 2023, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, wanda bincike ya nuna daga Mars ya ɓallo. An yi gwanjonsa a birnin New York a Yulin 2025 kan kuɗi sama da dalar Amurka miliyan 5, har hukumomin Nijar suka buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasar. Wannan baƙon sama ne na gaske, kuma a rairayinmu ya sauka.

In sama ta yi garau, fitar da yaran ƙofar gida bayan an gama. Nuna musu Zara in lokacinta ne, ka gaya musu ita ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, kuma ita ce dai Gamzaki in ta fito da asuba. Nuna musu Kaza da ƴaƴanta a lokacin sanyi. In suka ga wani haske yana tafiya a hankali ba ya ƙyaftawa, ko jerin fitilu a layi kamar ayarin raƙuma, gaya musu taurarin ɗan Adam ne, hannun mutum ya ƙera su. Wannan yana da amfani, domin ba a jima ba wani guntun bidiyo da aka yanko daga irin waɗannan finafinai ya shigo WhatsApp ɗin matan unguwa, da murya a kai ana cewa a wata ƙasa abin ya faru jiya. Matar yayana ce ta fara cewa ƙarya ne, ta gane aikin kwamfuta.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe. In kashi ya ƙare, kada ka kashe tele ka miƙe. Sa a ɗora shayi na biyu, ka yi shiru, ka bar mutane su yi magana. Kowa da abin da ya gani, kuma sau da yawa ba shi ne abin da kai ka gani ba.

Samari makamai suke gani. Gardamarsu kullum a kan ko sojojin duniya su haɗa kai su yi faɗa ko su ja da baya. Inna ba ruwanta da jirage. Ita tambayarta, mutanen da ke gudu daga birni ina suka baro tsofaffinsu, kuma wa ya ɗauki ruwa. Da aka nuna wata uwa ta rabu da ɗanta a cikin turmutsutsu, sai ta juya baya ta ce in gaya mata in an gan shi. Yayana da ke Abijan yana kallo a can, washegari ya aiko da saƙon murya yana tambayar me Inna ta ce.

Kawu kuwa, ƙanen kakarmu, wanda asalinsa mutumin Ƙonni ne, kashi uku ya yi bai ce uffan ba. A na huɗu aka nuna shugabannin mutane sun rabu biyu, wasu na cewa a miƙa wuya a tsira da rai, wasu na cewa a mutu a tsaye. Da aka gama ya ajiye kofinsa ya ce da ni, "Kai yaro, wannan ai an yi mana shi." Na ce, "Kawu, ina kuka gan shi?" Ya ce ba shi ya gani ba, kakansa ne ya ba da labari. Mutane ne suka ɓullo daga yamma, da kamar da ba a saba gani ba, da harshen da ba a ji, da bindigar da ke kashe mutum tun kibiyarsa ba ta isa ba. Yana nufin ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine na 1899, wanda ya ƙone garuruwa a kan hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ambato, bayan ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Ni a takarda na karanta wannan, kuma na sha koyar da shi a aji. Ban taɓa jin sa daga bakin wanda abin ya shafi gidansu ba sai daren nan. Ya yi kusan rabin awa yana magana, shayi ya huce, samarin da ke gardamar makamai ba wanda ya taɓa salularsa. Da ya zo kan waɗanda suka yi wa Nasara tafinta da jagora, bai zage su ba. Cewa ya yi wasu tsoro ne, wasu yunwa, wasu kuma sun ɗauka ta haka za su kare nasu.

In irin wannan ta taso a gidanku, kada ka katse don gyara shekara ko sunan gari. Ajiye gyaran sai gobe, kai da yara.

Sauran ƙananan dokoki ne. Kashi ɗaya a dare, bayan isha'i, ko da an roƙe ka a ƙara. Yaran da ba su kai shiga lakwal ba a kai su ɗaki kafin a fara. Wanda ya riga ya kalli na gaba a salula ya zo ya fasa ƙwai, a fadarmu shi ke sayen sukari da gawayin mako, kuma tun da aka ci mutum biyu tara bakin kowa ya mutu. Kafin a fara sabon kashi, sa yaro ɗaya ya maimaita abin da ya faru a na baya da bakinsa, ta nan za ka gane inda fassararka ta kauce.

Asabar mai zuwa kashi na bakwai ne. Kawu ya aiko a gaya mini in shimfiɗa masa buzunsa kusa da inda nake zama, wai kunnensa na hagu ba ya kamo maganata daga nesa.